Mun sa mata Salsabil, dangin miji sun ƙi kiran sunan

Maijego:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, don Allah a faɗa min gaskiya ko ba za ta yi min daɗi ba. Allah ya sauke ni lafiya kwanan baya, na samu 'ya mace, ita ce ta fari a wurinmu. Tun ina da ciki ni da maigidana muka tsayar da suna, Salsabil. Ba a fim muka ji shi ba, a Alƙur'ani yake cikin Suratul Insan, sunan wani marmaro ne a Aljanna. Ranar suna da safe aka raɗa, aka yanka rago, maza suka yi addu'a suka watse lafiya. Da rana da mata suka cika gida sai aka fara. Wannan ta ce "Salsa wa?", waccan ta ce ai kamar sunan maganin tari. Wata ƙanwar surukata ta ɗauki yarinyar tana jijjiga ta tana cewa, "Allah sarki, duk sunayen duniya a rasa wanda za a sa miki." Ina zaune a bakin gado da lalle a hannu, ga baƙi, ba damar in yi kuka.

Har yau Hajiya, mahaifiyar maigidana, ba ta kira sunan ba. In ta bugo waya sai dai ta ce ya jaririyar. Shi ya ce in share, za su saba. Ni kuwa abin yana cin raina, har na fara tunanin ko a canza tun ba a yi nisa ba. Laifi muka yi ne?

Hajiya Babba:
Barka da sauka 'yata, Allah ya raya mana ita bisa sunna, ya ba ki lafiyar shayarwa. Tambaya ɗaya zan yi miki. Kafin ku tsayar da sunan, an je an faɗa wa Hajiyar? Don ni abin da nake hange ba sunan ne ya ɓata mata rai ba. 'Yar fari ce a wurin ɗanta. Uwa tun ranar da ta ji matar ɗanta na da ciki take sa rai, in mace ce za a yi mata takwara. Kunya ba za ta bar ta ta ce ku sa sunana ba. To da ta ji an sa wani daban, kuma a bakin mutane ta ji kamar kowa, sai ta huce a kan sunan.

Maijego:
Mama, ba a je ba. Maigidan ya ce yayyensa biyu sun riga sun yi mata takwara, ɗaya ana ce mata Ummi, ɗaya Walida, don haka bai ga za ta damu ba.

Hajiya Babba:
Wannan lissafin maza ne. Uwa ba ta ƙirga takwara a haɗe, kowane ɗa da nasa take jira.

Baban Biyu:
Hajiya, da girmamawa, amma a duba wannan al'adar da kyau. A gidanmu jikoki mata masu sunan mahaifiyarmu sun kai biyar. Ba wadda ake kira da sunan, saboda ba wanda zai iya buɗe baki ya kira sunan uwarsa gatsal a tsakar gida. Sai aka sakaya, wannan Ummi, wannan Mami, wannan Nana, sauran biyun Amira da Ihsan. Amira ta girma, a makaranta Amira, a wurin ƙawayenta Amira, mijin da zai aure ta ma sai ranar ɗaurin aure ya ji sunanta na yanka. To ashe sabon sunan muke sawa, ta bayan gida kawai muke shigo da shi. Waɗannan bayin Allah sun fito fili sun sa abin da za su riƙa kira. Ban ga aibinsu ba.

Malamin Islamiyya:
Allah ya raya, ƙanwata. Ta fuskar shari'a ba ku yi laifi ba, ki kwantar da hankalinki. Baƙuntar suna ba aibi ba ce. A Suratu Maryam aya ta 7, da Allah ya yi wa Annabi Zakariyya bushara da Yahaya, cewa ya yi bai taɓa sanya masa takwara ba kafinsa. Abin da Manzon Allah (SAW) ya riƙa gyarawa shi ne ma'ana. Wata 'yar Sayyidina Umar sunanta yana nufin mai saɓo, ya mayar da ita Jamila. Barra, wato mai biyayya ga Allah, ya mayar da ita Zainab don kada ya zama yabon kai. Kuma ya ce mafi soyuwar sunaye a wurin Allah su ne Abdullahi da Abdurrahman, amma bai ce dole kowa ya sa su ba.

Sai dai ina jan hankalin sauran iyaye da ke karanta wannan, domin na ga abin ya yi yawa. Kasancewar kalma a Alƙur'ani kaɗai ba hujja ba ce. Fir'auna yana ciki, Haman yana ciki, Ƙaruna yana ciki. Saƙar sunan wuta ne, Zaƙƙum bishiyar 'yan wuta ce, duk suna ciki, kuma a kunne wasu suna da daɗin ji. Kada mutum ya ji kalma ta yi masa zaƙi a karatun liman ya ɗauko. A tambayi wanda ya san Larabci tukuna. Salsabil dai ma'anarsa kyakkyawa ce, aya ta 18 ce a surar da kika ambata, kamar yadda Tasnim yake a Suratul Muɗaffifin, Rayyan kuma ya zo a hadisi a matsayin ƙofar Aljanna ta masu azumi.

Su kuma masu dariyar, su ne ya kamata su ji tsoro. Suratul Hujurat aya ta 11 ta hana izgili da jifan juna da miyagun laƙabai, kuma ta ambaci mata a kan mata ƙarara.

Gwaggon Yara:
Malam, ba wanda ya ce haramun ne. Amma ba duk abin da ya halatta ne ya dace ba. Mu mun tashi ana ce mana suna linzami ne. Kai ma ka san labarin kakan Sa'idu ɗan Musayyib, sunansa Haznu, mai tsauri. Annabi ya ce masa a'a, kai Sahlu ne, mai sauƙi, ya ce ba zai canza sunan da ubansa ya sa masa ba. Jikan nasa da kansa ya ce tsaurin bai bar gidansu ba. To in suna yana jan mai shi, me ya sa ba za a ɗaura yaro a bayan mutumin kirki ba? In ka sa wa yarinya Khadija, ranar da ta yi rowa za ka zaunar da ita ka ce mai sunanki dukiyarta ta ƙarar a kan addini. In A'isha ce ta ƙi karatu, ka ce mai sunanki sahabbai maza ke zuwa neman fatawa a wurinta. Marmaro fa, wane hali za a ce ta yi koyi da shi?

Sannan a ji tausayin tsofaffi. Tsohuwa ta shekara saba'in tana kiran Dije da Indo da Mairo, harshenta ya saba. Rana ɗaya a ce ta kira abin da in ta faɗa yara za su yi mata dariya. Shirun da surukarki take yi, ƙila tsoron kunyata kanta ne.

Matashin Zamani:
Gwaggo ku daina wannan. Wa ya ɗauki cikin wata tara? Wa ya sayi ragon? Tsofaffi sun yi zamaninsu, sun sa wa nasu 'ya'yan abin da suka ga dama, su ƙyale mutane. Ke maijego kada ki kula kowa, wanda ba zai iya kira ba ya rufe bakinsa.

Shugaban Zaure:
Ɗan'uwa a sassauta harshe. Iyayen mutane ake magana a kai, kuma akwai sa'o'in iyayenka a zauren nan.

Gwaggon Yara:
Ƙyale shi, yaro ne. Ɗana, ranar da yarinyar nan za ta kwana da zazzaɓi uwarta ta rasa yadda za ta yi, wannan tsohuwar da ka ce ta rufe baki ita za a buga wa waya cikin dare. Ita za ta goya ta in an yaye ta. A nan ɗa na kowa ne, ba na mutum biyu ba. Wanda zai sha wahalar yaro yana da haƙƙin a ji ta bakinsa.

Malamar Firamare:
Ni kullum da safe rajista nake kira, bari in faɗi abin da nake gani. Yara ba ruwansu da baƙon suna. A ajina akwai Afnan, akwai Hanan, akwai Zayyan, akwai Nihal, sati ɗaya kowa ya iya. Ba wanda ake tsokana a cikinsu. Kun san wa ake tsokana? Masu sunan gargajiya. Akwai wata yarinya da kakarta ta kawo, sunanta Talatu. Duk sanda na kira ta sai ta sunkuyar da kai, ta amsa can ƙasa-ƙasa, na bayanta suna ƙunshe dariya suna cewa 'yar ƙauye. Wata rana ta tsaya bayan an tashi, tana murza gefen hijabinta, ta ce Malama don Allah ki riƙa ce min Amal. Na tambaye ta wa ya sa mata Amal, ta ce ita ta zaɓa. Ranar na koma gida raina a jagule.

Don haka maijego, 'yarki ba za ta sha wahala a hannun sa'anninta ba. Manya ne ke da matsala da sunanta, yara kuma suna da matsala da sunayen manyan. Dukkansu a gida aka koya musu.

Ɗalibin Tarihi:
Maganar Malama ta taɓa ni, don sunayen da ake raina yanzu su ne namu na asali. A duba jerin sarakunan Kano na farko: Bagauda, Warisi, Gijimasu, Nawata da Gawata, Naguji, Shekarau, Tsamiya. Sai a zamanin Yaji, wanda ya yi sarauta daga 1349 zuwa 1385, Wangarawa suka zo daga Mali, fada ta karɓi Musulunci sosai, shi ne ake ce masa Ali Yaji. Duk da haka ɗansa Kanajeji ake kira. Kafin a kai ga Muhammadu Rumfa a 1463 an ɗauki lokaci. Wato akwai ranar da Aliyu da Muhammadu da A'isha suka kasance baƙin sunaye a ƙasar nan, kuma harshen kakanninmu bai iya su yadda suke ba, shi ya sa ya lanƙwasa su. Abubakar ya zama Habu da Garba, Khadija ta zama Dije, Hauwa'u Kulu, Maryam Mairo, Idrisu Idi, Adamu Ado. Wasu ma mu muka ƙirƙiro. Uba zai sa wa 'ya'yansa maza duka Muhammadu, sai ya jera su da ƙirgen Larabci, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, har Tasi'u da Ashiru. Yau wa yake jin Salisu baƙo ne?

Kuma manyanmu ba su ji kunyar sunan gida ba. Hajiya Gambo Sawaba sunanta na yanka Hajaratu, Gambo kuwa don ta biyo tagwaye ne, da shi ta shiga gidan yari sau da yawa a gwagwarmayar NEPU, da shi duniya ta san ta. Balarabe Musa da sunan ranar Laraba ya zama gwamnan Kaduna a 1979. Ga Tanko Yakasai, ga Maitama Sule, ga Malam Shekarau.

Ɗan Zangon Kumasi:
Gaskiya ne Malam. Mu nan Gana muna zaune da Asante, su har gobe sunan rana abin alfahari ne. Kofi Annan da ya shugabanci Majalisar Ɗinkin Duniya daga 1997 zuwa 2006, Kofi ɗin Ɗanjuma ne kawai, kuma cikakken sunansa akwai Atta don tagwaye ne su. Kwame Nkrumah Ɗan'asabe ne. Ba wanda ya ce musu 'yan ƙauye. Amma a zango yanzu da wuya ka ji jaririya Lami ko Asabe, sai cikin tsofaffi.

'Yar Wusasa:
Sannunku da hira. Ni Kirista ce, Bahaushiya gaba da baya. Mu a wurinmu ana sa Alheri, Godiya, Murna, Ƙauna, Salama, Albarka, kuma su ne sunayen gaske da ke kan takarda. Kakata tana iya kira, ta san abin da take faɗa, yaron ma tun yana ƙarami ya san ma'anar sunansa ba sai an fassara masa ba. Na daɗe ina mamakin abin da ya sa 'yan'uwanmu Musulmi in za su nemi sabon suna sai su tafi Indiya ko Turkiyya, ga Hausa a gabansu. Tambaya ce tsakani da Allah, akwai hani ne a addini?

Malamin Islamiyya:
'Yar'uwa, babu hani. Sharaɗin shi ne ma'ana ta yi kyau, kada ta ƙunshi bautar wanin Allah ko yabon kai. Ibrahim da Isma'il da Ishaƙ asalinsu ba Larabci ba ne. Mariya, mahaifiyar Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW), daga Masar ta zo da sunanta kuma ba a canza mata ba. Turkawa da Farisawa da Yarbawa Musulmi suna sa sunayen harshensu. Mu dai al'ada ce ta raba mana, aka ce na yanka ya zama na annabawa da sahabbai, na Hausa ya tsaya a laƙabi. In mutum ya zo min ya ce in raɗa wa 'yarsa Alheri, zan raɗa.

Gwaggon Yara:
Kai za ka raɗa Malam, amma ka san dangi ba za su bar uban ya zauna lafiya ba.

Haifaffen 1991:
Bari wanda ya ɗauki irin wannan suna ya yi magana, don duk iyaye ne ke ta faɗin ra'ayinsu. An haife ni ana tsakiyar yaƙin Tekun Fasha. Mahaifina, Allah ya ji ƙansa, ba ya rabuwa da rediyo a lokacin, sai ya sa min Saddam. Ba ni kaɗai ba ne, a unguwarmu muna da yawa sa'anni. Muna yara abin burgewa ne, manya suna ɗaga mana hannu. A 2003 aka kama mai sunan, aka nuna shi a talabijin da gemu buzu-buzu ana duba bakinsa, washegari a makaranta ba irin abin da ba a ce min ba. A ƙarshen 2006 aka rataye shi lokacin Babbar Sallah. Tun daga nan duk inda na miƙa takardata sai an ɗago an kalle ni, wani ya yi murmushi, wani ya tambaye ni ra'ayina kan abin da ya faru ina cikin zanin goyo. Waɗanda aka sa wa Usama bayan 2001 su ma sun san wannan, ko da yake su suna da mafita, sunan sahabi ne, Usama ɗan Zaidu.

Ban taɓa riƙe mahaifina a zuciya ba, da ƙauna ya sa, kuma ban canza ba. Amma roƙona ga iyaye, kada ku sa wa yaro sunan mutumin da yake raye yana tashe, ɗan siyasa ne, ɗan ƙwallo ne, jarumin fim ne. Ba ku san ƙarshensa ba. Zafin da kuke ji a kansa na shekara biyu ne, yaron kuma har kabari zai tafi da sunan. Ke maijego naki ba ya cikin wannan. Marmaron Aljanna ba zai wayi gari ya ba 'yarki kunya ba.

Baban Biyu:
Allah ya ji ƙan mahaifinka. Wannan ita ce maganar da ta fi kama hankalina tun da aka fara.

Mai Shagon Intanet:
Ni aikina cike wa ɗalibai fom, don haka ta nan zan shigo. Yaya maijego, ko kun bar sunan ko kun canza, ku zauna yau ku tsayar da yadda za a rubuta shi da boko. Akwai Salsabil, akwai Salsabeel, akwai Salsabila don haka ake tsayawa a kan ayar. A baki duk ɗaya ne, a kwamfuta mutum uku ne. Ku karɓi takardar haihuwa, abin da aka rubuta a kai shi za ku ba makaranta, shi za ku kai wurin katin ɗan ƙasa. Tun 2021 ba a rajistar jarrabawar shiga jami'a ta JAMB sai da lambar NIN ta katin ɗan ƙasa, kuma abin da ke kan lambar shi ke fitowa. Na sha ganin yarinya ta zo da uwarta ana saura kwana kaɗan a rufe, takardar firamare Amira, ta haihuwa A'isha, katin ɗan ƙasa Aishat. Sai an je kotu an yi rantsuwa, wani lokaci har a buga a jarida. Uwar tana tsaye tana cewa ai duk ita ce. Na san ita ce, na'ura ce ba ta sani ba. Masu sa harafi biyu-biyu don ado, su Aayaan da Zaynaab, ku tuna wani ne zai riƙa buga sunan nan da hannunsa shekara da shekaru.

Ɗan Damagaram:
Mu a Nijar wannan ta rubutu mun daɗe da ita. Usman a wurinmu Ousmane ne, A'ishatu Aïchatou, Yusufu Issoufou, saboda rubutun Faransanci. 'Yan'uwa ciki ɗaya, wani a Maraɗi wani a Katsina, sunan uba ɗaya amma a takarda kamar ba su haɗa komai ba. Game da baƙon suna kuma, a Faransa doka ta shiga ciki. Tun 1993 iyaye na da 'yancin zaɓa, amma in jami'in rajista ya ga sunan zai cutar da yaro yana iya kai maganar gaba har gaban alƙali. A 2015 aka ji wata kotu a Valenciennes ta hana iyaye sa wa 'yarsu Nutella, sunan abin shafa wa burodi, aka mayar da ita Ella. Su alƙali ke tsawatarwa, mu kuwa dangi ne. Bambancin, alƙali maslahar yaron yake dubawa, dangi kuma sau da yawa ɓacin ransu suke dubawa.

Gwaggon Yara:
Ba ko yaushe ba, ɗan'uwa. Wani lokaci dangi ne kaɗai ke tuna cewa jaririyar nan wata rana za ta zama kaka, a ce mata Hajiya wance.

Tsohuwar Ungozoma:
Na daɗe ina karɓar haihuwa, na ga sunaye sun zo sun wuce. A da in mace tana wabi, 'ya'ya suna mutuwa suna ƙanana, in ta sake haihuwa sai a ce wa yaron Ajuji, ko Ayashe, ko Barmani, ko Bawa. Da gangan ake muzanta shi a baki wai don kada a ga ana ji da shi a ɗauke. Malamai sun yi ta wa'azi a kai, kuma da asibiti da riga-kafi suka yawaita abin ya ragu. In na ji irin sunan nan a bakin tsohuwa nakan san uwarta ta binne 'ya'ya kafin ta same ta. Haka Talle, an san maraya ne. Shekarau ya daɗe a ciki. Tanko ya biyo mata, Kande ta biyo maza, Marka an haife ta ana ruwa. Sunan kan ba ka labarin gidan. Na yanzu kuma labarin burin iyaye yake bayarwa, kowa yana son ɗansa ya fita daban. Ban ce wannan ya fi wancan ba.

Ke kuma 'yata, ga abin da zan ce miki. Kada ki canza. An yi huɗuba, an yanka rago, an yi shela, in kuka janye yanzu kun buɗe ƙofar da ba za ku iya rufewa ba, kuma sunan ba shi da aibi. Amma ba ke za ki yi maganar da surukarki ba. Mijinki ne zai je shi kaɗai, ya zauna a ƙasa, ya ce Hajiya ban zo na shawarce ki ba, ki yafe min. Kada ya je da aya da hadisi, ba ƙure ta za a yi ba. In kin yi arba'in ki shirya yarinyar ki kai mata, ki ɗora mata a cinya, ki ce Hajiya ga kishiyarki, ki sa mata sunan da za ki riƙa kiran ta. Wannan haƙƙin kaka ne tun fil azal. Ta ce Auta, ta ce Hajiya Ƙarama, ta ce abin da ta so. Ke kuma ki yarda yarinyar ta amsa.

Sannan ki yi ta kanki. Maijego ba ta son damuwa, nono yana ja baya. Ki sha kunun kanwarki, ki yi barci in ta yi barci.

Maijego:
Na gode Iya, Allah ya saka da alheri. Zan nuna masa wannan in ya dawo. Na gode wa kowa, har Gwaggo, na ji abin da kika ce game da harshen tsofaffi.

Mai Jiran Tagwaye:
Tunda ana kan maganar bari in sako tawa. Hoton ciki ya nuna matata tagwaye take ɗauke da su, mace da namiji. Gida kowa ya riga ya fara cewa Hassan da Husaina. Ni kuma ina da sunan da na daɗe ina so in sa wa 'yata ta fari. Dole ne sai Husaina?

Malamin Islamiyya:
Allah ya raba lafiya. Ba dole ba ne, al'ada ce. Hasan da Husaini jikokin Annabi ma ba tagwaye ba ne, akwai kusan shekara tsakaninsu.

Ɗalibin Tarihi:
Kuma kana da wanda za ka kafa hujja da shi a gida. A wajen 1793 aka haifa wa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo tagwaye, mace da namiji. Namijin ya sa masa Hassan. Macen kuwa bai bi abin da aka saba ba, ya sa mata Asma'u. Ita ce Nana Asma'u da ta rubuta waƙoƙi da Fulatanci da Hausa da Larabci, ta kafa tsarin 'Yan Taru na karantar da mata a ƙauyuka, ta rasu a 1864.

Gwaggon Yara:
Na yarda, Shehu bai sa Husaina ba. Amma ku lura da wadda ya ɗauko, Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar, wadda ta raba ɗamararta biyu ta ɗaure guzurin Annabi ranar hijira. Mutum ya ɗauko mai tarihi. Kai mai jiran tagwaye, wane suna ne a ranka? Kuma mahaifiyarka ta ji shi?

Mai Jiran Tagwaye:
Nusaiba ne, Gwaggo, sunan sahabiyar da ta tsaya gaban Annabi ranar Uhudu. Hajiyarmu ba ta ji ba tukuna. Ranar Juma'a bayan masallaci zan bi ta gidan.